Harshen Jatau

Tungar Kyauta, can bayan Dauran, rake ne ya kafa ta. Kakanninsu kiwo ya kawo su, suka ga fadama, suka manta da shanu. Tun daga nan ba su da zance sai mazarƙwaila: wa ya dafa, wa ya ƙona, wace fadama ta fi zaƙi. Ko ta'aziyya aka je, da an shafa fatiha sai a koma kan rake.

Jatau shi ne harshen garin. Shekara talatin, duk ranar kasuwa yana gindin tsamiya, fatake na miƙo mishi curin mazarƙwaila. Ya ɓantara, ya lumshe ido, ya ce, "Na gidan wane ne, fadamar gabas." Bai taɓa kuskure ba. Yadda ya yaba kaya, haka za a saye su.

Matarshi Ladidi kaɗai ta san taba ta kashe harshen nan tuntuni. Ko gishiri ta manta a miya, yabawa yake. Gindin curin yake shafawa da yatsa, don kowane gida da tsoffin kwanonin da yake zuba mazarƙwaila ta daskare, kowane kwano da irin lotsawarshi.

Sai bara wani ɗan tireda ya kawo sabbin kwanoni daga Kaura, iri ɗaya, ga araha. Gari duka ya saya.

Ran kasuwa wani falke daga Shinkafi ya miƙo curi. "Baba Jatau, na wa ne wanga?"

Jatau ya shafa, ya ji sumul. Ya tauna, ya sake taunawa, ga mutane sun kewaye shi. Sai ya tofar.

"Wanga ba namu ba ne. Na Moriki ne, salam-salam. Wa ya shigo muna da shi?"

Ladidi na tsaye bayan falken da kwandonta. Curin na raken gonar Jatau ne, ita ta kawo shi kasuwa.

Falke ya waiwaya. "Inna, kin ji?"

Ta dubi mijinta, shi kuma ya dubi sama.

"Na ji, ɗana. Tunda Malam ya faɗa, na Moriki ne." Ta sallama a rabin kuɗi.

A hanyar gida Jatau ya ce, "Ai da kin yi mini ɗan tari."

"In yi tari, ka ce ni ma ta Moriki ce?"

Sunan Jatau bai taɓu ba, sai dai yanzu fuskar mai kaya yake fara dubawa. Mazarƙwailar gidanshi kuwa sai baƙo ke saye. Mutanen Tunga ba su cin kayan Moriki.