Ranar da Uwar Mawaƙa Ta Daina Aron Murya

A can baya, duk ranar Asabar, rana na karkatawa, Uwar Mawaƙa take rufe keken ɗinkinta, ta kakkaɓe zare daga zaninta, ta nufi coci da makulli a hannu. Ita ke buɗe tagogi, ta goge bencina, ta shanya ganga don fatar ta ɗame. Sannan ta je gaba, inda siminti ya ɗan lotsa, ta tsaya. Ƙafar mijinta ce ta cinye wurin, don Malam bai iya ba da waƙa ba sai yana buga ƙasa. Gashinta ya yi fari yanzu, amma har yau ba ta wuce nan ba ta dakata ba.

Malam ne ya kafa ƙungiyar mawaƙanmu. Kafin kowace waƙa yakan ɗauko sautin farko da kakkaurar muryarsa, kowa ya kama daga nan. Da ya rasu, dattawan ikilisiya suka ga ba wanda ya san waƙoƙin kamar matarsa da ta sha jin su tana wanke-wanke, sai suka ce ta gaje shi.

Ta ce, "Baba Fasto, ni fa tela ce. A layin baya nake tsayawa."

Fasto ya ce, "'Yata, wanda ya ba da aikin ba ya barin ma'aikaci shi kaɗai."

Ta karɓa. Ta tsaya a gurbin ƙafar Malam, ta danne maƙogwaro, ta ɗauko waƙa daga can ƙasa yadda yake yi. A zamanin Malam, in ya ɗauko daga ƙasa, mata sun san su hau sama. Amma da suka ji mace 'yar'uwarsu a can, sai suka bi ta, suka nutse gaba ɗaya. Waƙa ta koma gurnani. Tausayi ya hana kowa magana, sai dai mawaƙa suka fara zamewa, wannan tari, waccan ɗanta ba lafiya. Dattawa suka fara shawarar a rushe ƙungiyar, a riƙa sa waƙa ta lasifika.

Tsohon makaɗinmu, abokin Malam tun ƙuruciya, shi ne ya kasa haƙuri. Bayan an tashi ya ce, "Matarmu, in faɗi gaskiya, ko in ci gaba da yi wa kwaɗi kiɗa? Muryar Malam kike sawa, ta kuwa yi miki yawa kamar takalminsa. Da Malam Ubangiji ke so a nan, ai da bai ɗauke shi ba. Ke ya kira."

Ta dubi simintin ta ce, "To in na daina, a ina zan ƙara jin sa?"

Makaɗi, mai bakin da ba ya mutuwa, ya rataya gangarsa ya fita. Ita kuwa ta durƙusa tsakanin bencina ta ce, "Ya Uba, kai ka ɗauke shi, kai ka tsayar da ni nan. Ba ni da komai sai siririyar muryar nan. In za ta yi maka, ga ta. Ka riƙe ni, don Yesu."

Ranar Lahadi muka ga ta tsaya gefen gurbin, ba a cikinsa ba. Ta ɗauko waƙa da muryarta, muryar na rawa kamar zare a iska. Mata suka kama suka tashi da ita, maza suka shigo ta ƙasa. Hawaye na zuba, hannunta bai daina ba da kiɗa ba. Kafin wata ya zagayo, masu tari duk sun warke.

Mama, ke ce kika binne miji sau biyu don kada waƙa ta mutu a bakinmu. Ke ce kika ɗinka wa mawaƙa riguna ba ki ce a biya ki ba. Ke ce kike jan mu gefen gadon marar lafiya, ki ce a rage murya, ba kasuwa muka zo ba.

Yanzu muryar ta gaji, ta miƙa makulli ga wata malamar makaranta. Malamar ta ce, "Mama, ba zan iya kamar ke ba." Ta ce, "Kul kika iya kamar ni! Ɗauko da taki, mai aikin yana nan."

Mun gode, Uwar Mawaƙa, Ubangiji ya saka miki. Duk wanda aka tsayar a gurbin wani yana jin ƙafarsa ba ta kai ba, ya tuna da ke, ya kawo wa Allah abin da ke gare shi.

Uwar Mawaƙa ta koma layin baya inda ta fito. In maza suka shigo da muryar ƙasa, sai ka ga ta lumshe ido tana murmushi. Makaɗi ya taɓa tambayarta ko barci take yi. Ta ce, "Yi shiru mana. Ga Malam can yana shigowa."