Rufewar da Aka Raba Biyu

Mahaifina Rabo magini ne, amma ba maginin ɗakuna ba. Rufewa yake ginawa, wato rumbun nan na ƙasa mai tumbi kamar tulu, wanda ake ɗorawa bisa duwatsu a zuba hatsin shekara. Daga ƙauyenmu na ƙasar Bazaga har wajen Tsarnawa, da wuya ka shiga gari ba ka ga aikin hannunsa ba. Gajere ne, marar yawan magana, tafin hannunsa duk ya tsattsage saboda laka. Ni ce 'yarsa ta fari, Kyauta, kuma ban gaji shirunsa ba. Kowa a garinmu zai gaya maka haka.

Tun yana yaro ya koyi ginin a wurin kawunsu, shi da ƙanensa Iliyasu. Tsofaffi sun ce a lokacin su biyun suna gina rufewar da sai ka ɗaga kai kafin ka ga bakinta. Daga baya suka yi faɗa. Inna ta ce a kan jaki ne, wasu suka ce a kan iyakar gona. Iliyasu ya ɗauki jakarsa ya tafi cin rani Abijan, bai sake waiwayo gida ba har labarin rasuwarsa ya zo. Tun daga nan Baba yake gini shi kaɗai, hannu ɗaya ciki, ɗaya waje, kuma bai ƙara gina wadda ta wuce tsayinsa ba. Sunan Iliyasu kuwa, ban taɓa jin sa a bakinsa ba.

Sai Allah ya ba shi 'ya'ya maza biyu, kamar don a gwada haƙurinsa. Mato ne babba, ƙato, mai ƙirji, mai gaggawa, wanda in ka aike shi yana dawowa kafin ka gama faɗin saƙon. Jamilu na bi masa da shekara biyu, siriri, mai sanyin jiki, yana karatu a lakwal, wato makarantar boko, kuma yana da bakin da zai sa waliyyi ya ɗauki sanda. Mato na kiransa Ɗan Lakwal, shi kuma yana kiran Mato Bijimi. Sun yi faɗa a kan tabarma, sun yi a kan ludayi, sun yi a kan wanda zai kai jaki rijiya. Na raba su har hannuna ya gaji, na koma raba su da muciya.

Kowa ya san abin da ya same mu bayan farar da ta cinye gonaki a shekarar dubu biyu da huɗu. Shekarar da ta biyo baya mun sha yunwa, mu da dabbobinmu. Rufewar gidanmu ta zauna wayam, har wata rana Baba da kansa ya sauke jinkar da ke rufe bakinta ya ba jaki ya ci. Da damina ta kankama ruwa ya shiga cikinta, ya jiƙa gindinta, ta zube. Haka ta faru a gidaje da yawa. Amma a wannan daminar Allah ya tausaya mana, hatsi ya yi kyau irin wanda muka daɗe ba mu gani ba.

Ana tsakiyar girbi Baba ya faɗi a gona. Da aka ɗaga shi, hannunsa na dama ya saki, bakinsa ya ɗan karkace. Aka kai shi asibiti a Ƙonni, Inna ta bi shi jinya. Mu kuma aka bar mu da dammunan hatsi jibge a gona, ba inda za a zuba su. Mun cika ɗakin Inna, ko kashi ɗaya cikin huɗu bai ɗauka ba. Maginan da ke kusa duk an riga mu kama su. Ana cikin haka mai gari ya sa aka yi shela cewa saura kwana talatin a saki gonaki. Al'ada ce, kuma kowa na son ta: makiyaya su shigo da shanu su ci kara, su bar mana taki. Amma daga wannan rana, duk abin da saniya ta samu a gona nata ne, ba ka da bakin ƙara.

Na tara samarin nan biyu, Mato na da shekara goma sha bakwai, Jamilu sha biyar. Na ce musu tun suna rarrafe suke kallon Baba yana gini, yau ranar da kallon zai yi amfani ta zo. Ni zan ɗebo ruwa, su su gina.

Wallahi da na san abin da za su yi, da na tsaya a kansu da muciyar. Na dawo daga rijiya na tarar sun ja layi da kara a tsakiyar da'irar gindin, kamar masu rabon gado.

"Mi na wanga?" na tambaya.

Mato ya ce, "Gabas tawa, yamma tashi. Ba ni aiki da mai tsoron laka ta taɓa mai riga."

Jamilu ya ce, "Ni ma ba ni son a haɗa aikina da na Bijimi. In an ƙare kowa ya ga bambanci."

Har ramin laka kowa ya haƙa nasa. Mato ya tattake tasa da ciyawa tun safe har azahar, ta yi danƙo, ya bar ta ta kwana uku. Sai dai wajen ɗorawa ba ya jira. Ƙa'idar ginin ita ce sahu ɗaya a yini, a bar shi ya sha iska kafin a ɗora wani, shi kuwa sai ya ɗora biyu, wani lokaci uku, masu kauri, don a ga gefensa ya fi tsawo. Jamilu ya ɗaura zare a turke a tsakiya yana aunawa, yana shafa bangonsa har yana sheƙi. Amma tattakar laka ta fi ƙarfin ƙafafunsa, sau biyu yake zagaya ramin ya ce ta yi. Ni ba magina ba ce. Na ga bango yana tashi, na yi ta murna, har ina kai musu fura.

Ran kwana na tara, da hantsi, bangon ya kai ƙirji. Ina sauke tulu sai na ji wani ɗan ƙara, na ga tsaga ta buɗe daidai inda gabas ta haɗu da yamma. Gefen Mato ya rinjaya waje a hankali ya kife, ya ja na Jamilu ya rufta ciki. Kafin ƙurar ta kwanta sun cakumi juna cikin ɓaraguzan, kowa na cewa ɗan'uwansa ne ya kayar. Na ɗauki tulun na juye musu ruwan a ka, sannan na zauna a ƙasa na fashe da kuka. Ba tausayinsu ya sa ni kuka ba. Hatsin na tuna, da yadda watanni uku da suka wuce muke dafa ganye ba gishiri.

Washegari amalanke ya sauke Baba a ƙofar gida. Ya rame, hannun na rataye a jikinsa. Bai shiga ɗaki ba, ya wuce bayan gida ya zauna bisa ɗaya daga duwatsun gindin, ya daɗe yana kallon ɓarnar. Sannan ya ce kowa ya kawo masa guntu daga gefensa.

Ya karɓi na Mato da hagu ya maka shi a dutse. Guntun ya yi tsalle, ko gefensa bai ɓalle ba.

"Wa yat tattake wagga laka?"

Mato ya ce shi ne, yana sunkuyar da kai.

Baba ya miƙa wa Jamilu guntun. "Karya ta."

Jamilu ya yi ta fama, har da sa gwiwa, ya kasa. Sai Baba ya ɗauki guntun Jamilu, ya murza gefensa da yatsa, ya zube kamar gari. Amma bai jefar ba. Ya miƙa wa Mato, ya ce ya shafa bayansa ya kuma duba kaurinsa daga wannan baki zuwa wancan. Mato ya shafa, ya juya shi, ya sake shafawa. Kauri ɗaya ne tun daga farko har ƙarshe, lanƙwasarsa kuma ba inda ta karkace. Sannan ya dubi nasa mai tudu da kwari.

Baba ya ce, "Laihina na. Kun tashi kun ishe ni ina gini ni ɗaya, kunka ɗauka hakanan aka yi. Babbar ruhewa ba a raba ta gabas da yamma. Ciki da waje aka raba ta."

Kwana huɗu aka yi ana share wuri, Mato na tattake sabuwar laka. Ranar da za a fara, Baba ya sa Jamilu cikin da'irar, Mato a waje, ya ce su sa tafin hannu su riƙe laka ɗaya a tsakaninsu. Suka sa. Sai kowa ya tura da ƙarfinsa, lakar ta tsartu sama ta faɗi.

"Kokawa nic ce ku yi?" in ji Baba. "Kai na ciki, kai ad da ido, kai ka jan hanya. Kai na waje, tare mai, kak ka hi shi, kak ka bar shi. In ba ka ji hannunai ba, tsaya."

Sahun farko sun rushe shi sau uku. Amma aikin da kansa ya hana su faɗa, domin duk wanda ya fusata, bangon ne ke nunawa nan take. Da ginin ya wuce kansu suka daina ganin juna. Jamilu na ciki bisa itatuwan da aka gicciya, Mato na waje bisa tsani, sai murya. Ina wucewa da tulu ina jin su.

"Sassauta, ka yi nauyi."

"Hakanga?"

"Yawwa. Matso hagu kaɗan."

Wata rana da azahar na ji Mato na cewa a ƙara sahu na biyu tunda rana na da zafi. Jamilu ya ce bai bushe ba. Na ajiye tulun ina jiran a fara. Sai na ji Mato ya ce, "To, kai ka jin ta daga ciki. Mu bari sai gobe." Da yamma kuma na ga Jamilu zaune bakin ramin laka yana kallon ƙafafun wansa da suka farfashe, ya tashi ba wanda ya sa shi ya ɗebo masa man kaɗe a ɗakin Inna.

Kwana goma sha biyu suka kai wuya. Rufewar ta fi kowace da na taɓa ganin Baba ya gina, bakinta ya tsuke har sai siririn mutum zai iya wucewa. Jamilu ya gama shafe ciki, ya miƙo itatuwan da yake takawa ɗaya bayan ɗaya, domin ba a barin su. Sai ga shi a can ƙasa, bango ya ninka tsayinsa, sahun sama kuma ɗanye ne, ko tsani aka jingina zai ɓurma. Muka ji muryarsa ƙarama daga ciki.

"Yaya, ƙaƙa za ni hita?"

Ban taɓa jin ya kira shi haka ba. Mato ya kafa dogayen gwafanni biyu, ɗaya kowane gefe, ya gicciya azara a sama, ya zura igiyar rijiya ta bakin. Ya ce, "Ɗaura ga ƙugu, ka haɗe kahwaɗunka. Kak ka taɓa min bango." Ya naɗe igiyar a hannu ya fara ja da baya, jijiyoyin wuyansa duk sun tashi. Kan Jamilu ya ɓullo, sai kafaɗu, sai ga shi duka yana lilo a sama fari fat da ƙura, bai goge ko gefe ɗaya ba. Da ya sauko suka dubi juna suka tuntsire da dariya. Na juya in ga Baba, sai na ga ya tashi yana tafiya cikin gida, yana goge fuska da hannun riga.

Rufewar ta sha rana kwana uku. Kwana biyun da suka rage a saki gonaki muka yi ta jigila da amalanke, Mato na cilla dami, Jamilu na ciki yana jerawa. Ana ɗora sabuwar jinka muka hango shanun farko suna gangarowa gonarmu. Ba su samu komai ba sai kara.

Da la'asar na dama fura da sabon hatsin na kai wa Baba a inuwar rufewar. Samarin na can bakin rijiya suna gardama a kan wanda zai wanke jaki, amma muryarsu ba irin ta da ba ce. Ni da ba na iya riƙe magana, na tambaye shi abin da ya sa ya tashi rannan.

Ya kurɓi furar, ya ɗaga kai yana kallon bakin rufewar.

"Ni aka sawa ciki, don ni ag gajere," ya ce. "Iliyasu ka jawo ni. Tun da yat tahi ban sake gina wadda tah hi ni tsawo ba, Kyauta. Babu mai hiddo ni."

Na karɓi ƙwaryar na riƙe masa ya ƙarasa sha.