Lambar da ta kusa hana ɗiyata komawa Kalgo

Ɗiyata ta fari lissafi ta karanta a jami'ar da ke Kalgo. Ni karatuna bai wuce in gane mudu ya cika ko bai cika ba, amma kunne ina da shi, kuma gida nake zaune, duk abin da aka faɗa a tsakar gidanmu na Gwandu sai ya biyo ta kaina.

Hutun shekararta ta ƙarshe ta taho da wata lamba da malaminsu ya ba ta. Na leƙa takardar, lamba guda ta ci layi ta sauko ta ci wani, ba wurin shan iska. Na ce ta karanta mini, ta ce lambar ba ta da suna.

Da goro ta yi mini bayani a kan faifai. Goma sha biyu suna kasuwa kashi biyu, kashi uku, kashi huɗu, ba saura. Bakwai kuwa ko yaya aka yi sai wani ya yi kuka. Ta ce tata lambar irin ta goma sha biyu ce, an gwada an tabbatar tana kasuwa, amma ba a san kashi nawa ba. Shi take nema. Kullum tana gindin darbejiya da kwamfuta a cinya, tana cewa saura kaza, saura kaza.

Maƙwabciyarmu, wata tsohuwa 'yar Masama, tunkiyarta ta ɓace. Ta shigo aron rariya, ta ji ana raba lamba ana duba saura, irin yadda masu hisabi ke yi da sunan mutum. Ta durƙusa gaban ɗiyata ta faɗi sunanta da na uwarta, ta ce a duba mata tunkiya. Yarinya ba ta ko ɗago ba, ta ce, "Allah ya bayyana ta, Inna." Da la'asar tunkiya ta dawo da ƙafarta.

Kafin Juma'a mata sun fara sallama. Wata har daga Malisa, da kaza a hammata. Na mayar da ita, amma na ji nauyin kazar.

Magana ta kai masallaci. Malam, maigidana, ba abin da ya tsana kamar duba. Ya shigo bai zauna ba, ya ce Kalgo ta ƙare, ba da shi za a yi karatun bokanci ba. Saura mata zango guda ta gama. Na shimfiɗa mishi tabarma, na ce ko ɓarawo ana jin ta bakinsa. Ya kira ta.

"Wannan lamba, mi take faɗa miki?"

"Ba ta faɗin komai, Baba."

"In kin gano abin da ke raba ta, sai mi?"

"Sai in rubuta in kai wa malaminmu."

"Shi kuma ya yi mi da shi?"

"Ya aje."

"Tana maganin wani abu? Tana nuna gobe?"

"Ko jiya ba ta nunawa."

Ya ɗauki takardar ya juya ta, ya riƙe ta a kife bai sani ba, ba kuma wanda ya gyara mishi.

"To ba ta da amfani ke nan."

Na ga bakinta ya motsa, za ta kare lambarta. Na taka mata yatsa.

"Babu, Baba," in ji ta.

Ban taɓa ganin Malam ya saki fuska haka ba. Ya yi hamdala, ya ce ta koma makaranta, ta dage. Da kansa ya raka ta tasha, kuma duk wanda ya tare shi a hanya sai ya tsaya ya tabbatar mishi, da alfahari, cewa karatun ɗiyarsa ba ya tsinana komai.

Ta gama lafiya. Abin da ke raba lambar ba ta same shi ba, ta dai rubuta hanyoyin da ta bi, aka karɓa. Tsohuwar kuwa har yau in ta tambayi lafiyar ɗiyata, sai ta rage murya.