Gabar Nkole da Kangwa Mai Aski

Nkole ta tashi ne a unguwar masu haƙar tagulla a Kitwe. Tana budurwa rami ya rufta da mahaifinsu, uwar ma ba ta daɗe ba ta bi shi, riƙon ƙanenta Lombe ya dawo hannunta. Da busasshen kifin da take aunawa a kasuwa ta ciyar da shi har ta kai shi koyon ɗinki. Ya zama telan mata, mai sanyin murya, bai taɓa neman aure ba. Nkole ta san dalili, ba ta kuma taɓa tambayarsa ba.

Shekarun da ƙanjamau ta shiga gari tana ɗauke mutane gida-gida, Lombe ya soma tari yana zubewa. A bakin kasuwa akwai wani mai aski, Kangwa, wanda bakinsa ya fi askarsa kaifi. Ran nan Lombe ya zo wucewa, sai Kangwa ya ce wa masu jiran aski, "Ku bar ganin tela ya rame, da gangan ne. So yake rigunan da yake ɗinka wa mata su shige shi." Aka kwashe da dariya.

Yaran mota da ke zuwa aski a wurin suka ɗauki maganar, kowa ya ƙara mata gishiri har ta koma batsa. Kafin wani lokaci, duk wanda ya rame a Kitwe sai a ce ya shiga ɗinki. Mata suka fara zuwa suna karɓe yadinsu daga shagon Lombe.

Nkole ta sami Kangwa yana tsakiyar aski.

"Kai, me ƙanena ya tsare maka?"

"Haba uwar kifi, wasa ne fa. Mai kaza a aljihu ne ba ya jimirin as."

"Je ka yi wasan da wanda ya haife ka, ɗan banza."

Bai fasa ba. Wata rana a motar Ndola, za ta sayo wa Lombe magani, ta ji wani baƙo yana ba da labarin, wai a Lusaka abin ya faru. Duk motar aka ɗauka da dariya, har da wata dattijuwa mai kayan ƙungiyar matan coci. Nkole ta zage su tas, direba ya sauke ta a hanya.

Lombe ya daina fita. Da damina ya rasu. Kangwa ya zo gaisuwa da buhun garin masara a kafaɗa, Nkole ta tare shi a ƙofa.

"Koma da garinka. Ka ci namansa yana da rai, ba ya buƙatar tuwonka yanzu."

Da aka share makoki ta ɗauke teburinta ta kafa shi daidai ƙofar shagon askin. Ba ta zaginsa. Da ya buɗe baki zai ba da labari sai ta ajiye gwangwanin awo ta zuba masa ido. Masu jira suka riƙa sunkuyar da kai, daga baya suka canza wurin aski. Ƙarshe Kangwa ya kwashe kayansa ya koma Ndola.

Faston cocinsu ya kira ta ya ce lokacin yafiya ya yi. Ta saurare shi har ya gama, Lahadin da ta biyo baya ta koma wani cocin. Yanzu ta tsufa, tana nan tana awon kifi, 'yan kasuwa kuwa in sun zo gaban teburinta sukan rage murya.