Aljihunan Daniel

Yayata Juliana ta fi shekara ashirin tana sayar da abinci a Rido, a wata rumfar kwano kusa da inda direbobin tanka ke jiran lodi. Mace ce mai baki, kowa ya taɓa ta sai ya ji a jikinsa, amma hannunta a sake yake. Abu ɗaya ne ba ta bayarwa aro: wuƙarta.

Wuƙa ce 'yar ƙarama mai naɗewa, fara tas, wadda ba ta tsatsa. Ta saye ta ne a shekarar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula. Sauran wuƙaƙen rumfar damina ɗaya suke yi su koma baƙaƙe, har su bar wa doya tabo. Wannan kuwa ko ta wuni a ruwan wanke-wanke, ana gogewa sai ƙyalli. A bakin zaninta take ƙulle ta, da ita take yanka albasa, da ita take yanke zare, har coci da ita take zuwa. Ko ni ƙanwarta in na ce ta ara mini, sai ta ce, "Kawo abin in yanka miki."

Mijinta Daniel ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri, mutum shiru-shiru, wanda in ya tsorata sai in'ina ta riƙe masa harshe.

Ba a cika shekara da sayen wuƙar ba rikici ya ɓarke a Kaduna. Sojojin da muke murna sun koma bariki sai ga su a kowace mahaɗa. Bayan 'yan makonni kayan miya suka yi wuya a ɓangarenmu, dole muka tsallaka gada zuwa babbar kasuwa, mu uku, Daniel ne mai ɗaukar buhu.

A hanyar dawowa, a cikin bas, Daniel ya fito da raken da ya saya. Ban san abin da ya shiga kan Juliana ba ranar, sai ta kwance wuƙar ta miƙa masa. Ya fere rakensa, ya naɗe ta, ya jefa a aljihun wando kamar tasa.

A bakin gada aka tsayar da mu. Maza gefe guda, hannu sama, mata gefe guda. Akwai wata babbar motar soja a tsaye, mutum biyar na durƙushe kusa da ita, waɗanda aka samu da makami. Kowa ya san wanda aka jefa a motar nan sai an sha wahalar nemansa. Ina kallo wani saje mai jajayen idanu ya sa hannu a aljihun Daniel, ya buɗe wuƙar, ta yi walƙiya a rana.

"Me kake yi da wannan?"

Daniel ya buɗe baki, in'ina ta riƙe shi. Aka nuna masa ƙasa, ya zama na shida. Na riƙe hannun Juliana. Ta fizge, ta ɗauki ledar kuɓewa, ta nufi sajen. Wani soja ya ɗaga bindiga, ba ta tsaya ba.

"Oga, wuƙata ce. Ta girki ce."

"Madam, koma. Wuƙar kicin ce take ƙyalli haka? Sabuwa ce wannan."

"Ba ta tsatsa ne. Don Allah shinshina wajen da take naɗewa."

Ya harare ta, amma ya kai hanci. Albasa da daddawar kusan shekara guda suna nan a maƙale.

"Ba ni ka gani," in ji ta.

Ya miƙa mata, ya ja da baya taku ɗaya. Ta ɗauki kuɓewa ta fara yankawa a tafin hannu, ba faranti, ba ta ko kallon hannun, idonta na kan mijinta. Kuɓewa na zuba a kwalta ƙanana-ƙanana, hawaye na bin kumatunta. Da ta gama ta biyar sai ta nuna masa babban yatsanta, duk zane-zanen kaifi, tsofaffi da sababbi.

Sajen ya daɗe yana kallon yatsan. Sannan ya ce wa Daniel, "Tashi. Ka gode wa matarka." Sauran biyar ɗin muka bar su a durƙushe, har yau ban san yadda suka ƙare ba.

Da muka isa gida Juliana ba ta yi wa Daniel faɗa ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ta dai shiga ɗaki ta ce kada a dame ta.

Ta ci gaba da sana'arta, wuƙar na bakin zaninta. Daniel kuwa tun daga ranar a hannu yake riƙe makulli da katin aikinsa, muna ta yi masa tsiya, shi dai sai murmushi. Sai bayan rasuwarsa, da muke haɗa kayansa za a ba 'yan'uwansa, na ɗaga wandonsa na coci na ga aljihun a ɗinke. Na duba na biyu, na uku, har na ƙarshe da ya saya shekara goma sha biyu bayan rikicin. Duk Juliana ta ɗinke su da baƙin zare.