Inuwar Kawu a Bangon Zaure

Jiya ƙanwata ta turo mini bidiyon da ta haɗa kan tsofaffin gine-ginen ƙasa na garinmu Sifawa. Ba mai magana a ciki, sai rana tana rarrafe a bango da kukan kurciya. Can sai ga zaurenmu.

Na tuna ranar da ta ɗauke shi. Kawu ba ya yarda da hoto. Ya koma bayanta, rigarsa tana warin albasar gona, ya ce, "Ɗiyata, ɗauki ginin, shi ka daɗewa, ba ni ba."

Kawu ya rasu bara. Kafin damina aka rushe zauren, aka ɗora bulo da kwano. Amma a bidiyon, kan yaɓen da ya yi da hannunsa, ga inuwarsa tsaye tana gyara hula.

Allah Ya sanya shi a inuwar Al'arshinSa.