Gwiwarsa ta taɓa ƙasa

Duk shekarar da wasannin Olimpik suka zagayo, ba na iya zama wuri ɗaya. In an kunna tele sai in fita ƙofar gida, in dawo, in sake fita. Matata ta ce kamar mai ƙaiƙayi. Ta san dalili, tsokana ce kawai.

Mu mahauta ne a Konni, dambe kuwa gadonmu ne. Tun ina ƙarami babana ke naɗa mini kara, igiyar dambe, a hannun dama, hagu ya zama garkuwa. Dokar guda ce: wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa, an kashe shi, wasa ya ƙare.

Daminar da aka yi wasannin a Sifen, wani ɗan duwan, ma'aikacin kwastan, yakan fito da telensa ƙofar gida da la'asar. Nan na fara ganin damben Turawa, hannu biyu cikin safa. Wani sarjan da aka turo garinmu aiki yana gefena. Shi ya gaya mini wasannin nan sun daɗe, duk shekara huɗu duniya ke taruwa, kuma ɗan ƙasarmu ya taɓa ciyo lambar tagulla a dambe. Kai! Daga ranar hankalina ya bar jikina. Ina yankan nama ina ganin tuta.

Sarjan ya ce za a yi gwaji a Tawa, wanda ya ci a kai shi Yamai horo. Ya shiga koya mini a filin bayan bariki. Hagun nan ya sha zagi.

"Wanga hannu na ado ne? Buga da shi!"

Ya kuma yi ta maimaita mini: in mutum ya faɗi ana ƙirga mishi, in ya tashi a ci gaba. Na ce na ji. Wallahi na ji.

Baba bai so ba. Ƙarfinsa ya fara ja baya, teburin nama na son mai tsayuwa. Da na matsa ya ce, "Tafi sau guda. In sun ɗauke ka, Allah ya ba da sa'a. In ba su ɗauke ka ba, ka dawo ka kama wuƙa, kar in ƙara jin zancen." Ranar gwajin kuma sai ga shi ya biyo ni mota, wai yana da sha'ani a Tawa.

Abokin karawata dogo ne, ɗan lakwal, wato ɗan boko, sai tsalle-tsalle. Turmin farko ya yi ta tsikarina da hagu har raina ya ɓaci. A na biyu na samu dama, na sakar mishi dama a muƙamuƙi. Ya durƙusa, gwiwa a ƙasa.

Jikina bai tambaye ni ba. Na juya baya, na ɗaga hannu sama, na nufi inda baba yake ina kirari, kamar yadda nake yi tun ina ɗan shekara goma. Sarjan na ihu, na ɗauka murna yake. Ashe yaron ya miƙe, alƙalin wasa ya ƙare ƙirga ya ce a ci gaba. Na waiwayo hannuna a sake. Abin da na sani ke nan, sai ruwa da ake zuba mini a fuska.

Yaron aka kai Yamai. Sarjan ya juya mini baya ya tafi, kuma har yau abin nan na ci mini rai fiye da naushin.

Muka kamo hanyar gida a mota har muka wuce Malbaza. Ni kunya ta hana ni ɗaga kai. Can baba ya dafa gwiwata.

"Ni na gani da idona, ɗana. Gwiwatai ta taɓa ƙasa. Ka kashe shi."

Sai na fashe da kuka, ƙato da ni, a gaban fasinjoji. Washegari na kama wuƙa.